Sunan tsiron mandragora a harsunan Turai

Malam, ka tambaya me ya sa sunan mandragora, wani tsiro mai guba na yankin Bahar Rum, yake kama da juna a yawancin harsunan Turai. Tushensu ɗaya ne. Girkawa suka ce mandragoras, Latin ta ara, daga nan Italiyanci da Sifaniyanci suka gaji mandragora, Faransanci kuma mandragore.

Abin dariyar shi ne yadda kunne ke lanƙwasa kalmar da bai gane ba. Mutanen Ingila suka mayar da ita mandrake, sai ta yi kamar an haɗa "mutum" da "dodon maciji". Faransawan zamanin da kuwa suka ji main de gloire, wato "hannun ɗaukaka", har aka ƙulla camfi a kai.

Jamusawa dai ba su bi ayari ba. Alraune suke cewa, daga tsohuwar kalmar runa, mai nufin asiri. Ni a ganina nasu ya fi dacewa, domin saiwar tana rabuwa biyu kamar ƙafafun mutum, har a da ana cewa idan an tumɓuke ta takan kurma ihun da ke kashe wanda ya ji. Shi ya sa a da ake ɗaura wa kare ya ja.