Na Sauya Gejin Mai, Allura Ta Juya Baya

Tambaya: Malam, na sa wa tsohuwar Ford Mustang ta 1967 sabon gejin mai. In na cika tanki allura ta kwanta, in mai ya yi ƙasa ta tashi. Me ya jawo? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Gejin bai dace da na'urar auna mai da ke cikin tankinka ba. Ta Ford tana ba da om 73 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki) in tanki ya bushe, 10 in ya cika. Da alama gejin motocin kamfanin GM (General Motors) aka sayar maka, mai om 0 in tanki ya bushe, 90 in ya cika, shi ya sa lissafin ya juye. Kada rewaya ya ce zai musanya wayoyi, ba ya magani. Nemi geji mai 73 zuwa 10. In gejin irin na zamani ne, ba irin na asalin motar ba, ka ba shi wutar lantarki volt 12 daga makunni, don layin tsofaffin gejin kusan volt 5 kawai yake bayarwa.