Madannin agogon Alhaji lafiyarsa lau, kar ka kwance

Sani na ga saƙonka tun ɗazu, ina wurin ɗaurin aure ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce agogon awon lokacin nan da Alhaji ya kawo sabis madanninsa na sama tauri gare shi, sai ka sa ƙarfi kafin ya yi ƙas, alhali tsohon Omega ɗin da na nuna maka rannan taɓawa kaɗan ya tashi, wai ko wani abu ne ya lanƙwashe ka kwance ka duba. Don Allah kar ka kwance komai, haka aka ƙera shi. Injin ciki Valjoux 7750 ne, in ka san asalinsa ba za ka ƙara yi mai kallon mara lafiya ba.

Kuronogiraf dai, wato irin wannan agogon awon lokaci, ba 'yan Suwizalan suka fara shi ba, wani Bafaranshe ne Rieussec ya yi nasa a 1821 don sukuwar dawaki a Paris, allurar ɗigon tawada take ajewa a fuskar agogon, sunan ma ma'anarsa rubuta lokaci. Abin da ya gagara shi ne mayar da allura sifili. Adolphe Nicole, mutumin kwarin Joux na Suwizalan da ke zaune a Landan, shi ya yi rajistar dabarar a 1844: ɗan ƙarfe mai siffar zuciya a jikin wilin, guduma ta daki gefensa ko ta ina, dole ya zame ya juya har ta zauna a wuri mafi ƙasa, nan ne sifili. Sa gilashinka a ido ka duba bayan injin Alhaji, zuciyar nan tana nan, ta daƙiƙa da ta minti. Shekara kusan 180 ba a samu abin da ya ture ta ba.

To maganar tauri. Omega ɗin can inji 321 ne, asalinsa aikin kamfanin Lemania, kuma wili mai ginshiƙai ke ba da umarni a cikinsa, ɗan mitsitsin abu kamar ganuwa mai ƙofofi. Ka danna sau ɗaya ya matsa haƙori ɗaya, bakin wata liba ya faɗa tsakanin ginshiƙai wata ta hau kai, shi ke nan allura ta tashi, yatsanka bai yi wani aikin kirki ba shi ya sa kake jin laushi. Haka manyan da suke, Longines 13.33Z na 1913, Valjoux 72 da ke cikin tsohuwar Daytona ta Rolex. Amma yanka wilin nan da saita libobinsa aikin gwani ne, yana cin lokaci yana cin kuɗi, sai kamfanin Landeron suka fito da inji 48 a 1937 mai amfani da kam, faifan ƙarfe da ake bugawa da inji, madanni ya tura shi gaba ya tura shi baya. Suka sayar da miliyoyi. 7750 ɗin Alhaji ma kam gare shi, ƙarfin da kake sawa kai ne kake ture faifan da libobin da hannunka. Masu cewa kam kayan talaka ne ni ban yarda da su ba wallahi, Omega da kansu sun bar 321 sun koma 861 mai kam a ƙarshen shekarun 1960 ba wanda ya ce agogonsu Speedmaster ya lalace.

1969 aka yi rububin wa zai fara fitar da kuronogiraf otomatik, mai yi wa kansa wani da motsin hannu. Zenith na Le Locle suka sanar da El Primero a Janairu, bugu 36,000 a awa, su Heuer da Breitling da Büren da Dubois Dépraz suka haɗa kai suka kawo Kaliba 11 a Maris, mawaninsa a hagu, Seiko a Japan suna can da 6139. Har yau musu ake.

Shi 7750 daga baya ya zo, wajen 1974, wani matashi Edmond Capt ya zana shi, ya yi shi don ya yi arha ya jure wahala ya yi saukin gyara. Sai dai ya zo a mugun lokaci, agogon batir ya cinye kasuwa, 1975 aka tsayar da shi aka ce a zubar da kayan ƙira, Capt ya ƙi ya adana. A Zenith ma haka Charles Vermot ya kwashe kayan El Primero ya ɓoye a saman ginin kamfani, da ba don shi ba da Rolex ba su samu injin da suka sa a Daytona ta 1988 ba. A shekarun 1980 aka dawo da 7750, ga shi yau a kan tebur ɗinka.

Wani abu kuma tun kafin ka tambaya, in ka girgiza shi za ka ji rotar, wato ƙarfen da ke juyawa yana yi wa agogon wani, tana gudu fir har agogon na rawa a hannu, gefe ɗaya kawai take yin wani, ɗaya gefen sake take, ba karyewa ba ne. Kar ka canza kwanan wata in allura tana tsakanin takwas na dare da biyu, haƙorin kalanda zai iya tafiya kuma kuɗinsa a aljihunka. Ka tayar da shi ka barshi minti talatin ka tsayar ka danna na ƙasa, in duk allurori sun koma kan sifili daidai ka rufe ka sa a durowa, man kam ɗin sai na zo gobe mu sa tare.