Tambaya da Amsa: Shin Bututun Kazantar Unguwarmu Ne Ya Yi Ƙarami?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a wata unguwa a Abuja wadda ke haɗe da babban layin kazanta. Da rani lafiya lau, amma da zarar damina ta kankama sai ramin dubawa na kan titinmu ya riƙa amai, najasa ta malala har bakin ƙofa, yara na ratsawa su tafi makaranta. Bara har ta bandakina ta dawo. Ƙungiyar unguwa za ta kai koke a sa mana babban bututu, don an ce masu tsara birnin ba su yi lissafin ƙaruwar jama'a ba. Shin hakan zai raba mu da wannan masifa?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kawo sauƙi. Kafin komai, a hana yaran nan taka ruwan, domin kwalara da taifot ta nan suke samun ƙofa.

Lissafi kam an yi shi. Taswirar Abuja ta 1979 ta hango mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da kimanin miliyan uku idan birnin ya cika, kuma matatar Wupa, inda ake tace kazantar birnin, an tsara ta don kazantar mutum 700,000. Abin da ba a hango ba shi ne fulotin da aka yanka wa iyali ɗaya zai zama bene mai gidaje goma sha biyu ko otal. Garin da ke ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari a shekara yakan ninka cikin shekara 14, ga shi rabonmu da ƙidaya tun 2006. Shi ya sa muke shimfiɗa babban layi da hangen shekara arba'in zuwa hamsin, tunda tone titi sau biyu ya fi bututun tsada, matatar kazanta kuwa a gina ta kashi-kashi, a bar fili don gaba.

Amma amsarka tana cikin wasiƙarka: "da rani lafiya lau". Jama'ar unguwa ba sa ninkuwa a watan Agusta su ragu a Janairu. Da yawan mutane ne ya fi ƙarfin layin, da kun ga amai da sassafe lokacin wanka, ko a tsakiyar hunturu. Abin da ke damun ku ruwan sama ne da aka jefa inda ba wurinsa ba.

Wannan magana na gaji da maimaita ta. Abuja hanya biyu aka yi mata: lambatu da kwalbati na ruwan sama, bututun ƙarƙashin ƙasa na bandaki da kicin. Ba a yi su don su haɗu ba. Sai mai gida ya shafe tsakar gidansa kaf da siminti, ruwa ya rasa inda zai bi, ya kira fulamba na gefen titi. Shi kuma ya ɗaga murfin akwatin dubawa na bayan gida, ya fasa gefensa da guduma, ya cusa bututun indararo, ya liƙe da ɗan siminti, ya karɓi kuɗinsa yana cewa ai duk ruwa ne, na gwamnati kuma ba ya cika. Yana cika mana!

Yi lissafin da kanka. Rufi mai murabba'in mita 200, idan aka yi ruwa milimita 50 cikin awa ɗaya, ya zubar da lita 10,000. Gida mai mutum takwas, kowa na amfani da lita 120 a yini, lita 960 ke nan, amma ba duka ke shiga bututu ba, abin da ke gangarawa layi bai kai lita 800 ba a yinin gaba ɗaya. Ke nan rufi ɗaya a awa ɗaya ya cinye rabon gidaje goma sha biyu na yini guda. Idan gida ashirin a layinku suka yi haka, wane bututu ne zai ɗauka? Kuma mai laifin, wanda galibi yana kan tudu, ba ya ganin komai. Na gangare shi ke kwana yana kwashe kashin mutane daga ɗakinsa. Wanda ya yi wannan ya ci haƙƙin maƙwabci, ko da a sahun farko yake salla.

Masu cewa a zuba ƙaton bututu a huta su ma su saurara. Ninka faɗin bututu yana ba da fiye da ninki shida na abin da yake ɗauka, gaskiya ne. To da rani fa? Kazanta sai ta yi gudun aƙalla mita 0.6 a daƙiƙa kafin ta share hanyarta. A bututun da ya yi mata yawa sai ta kwanta, ta ruɓe, ta fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke cin kankare, take kuma kashe leburan da aka tura cikin rami ba abin kariya. Landan ta haɗa ruwan sama da kazanta a layukan da Injiniya Bazalgette ya gina bayan warin kazanta ya addabi birnin a 1858, kuma sai da ta haƙa ramin Tideway mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin kogin Thames don tare amai. Mu da aka raba mana tun farko, da hannunmu muke haɗawa.

Don haka ku sake rubuta koken. Ku nemi hukumar kare muhalli ta Abuja ta turo ma'aikata a bi gida-gida: a zuba ruwa mai launi a kowane indararo da magudanar tsakar gida, mutum ɗaya ya tsaya a bakin ramin titi. Inda launi ya ɓullo, a yanke haɗin a mayar da shi lambatu. A duba murafan da ɓarayin ƙarfe suka sace, a wanke layin daga yashi, leda da maiƙon gidajen abinci. Sannan a auna gudun kazanta da rani da kuma damina, a gwada shi da yawan gidajen da ke kan layin yau da waɗanda aka ba izinin ginawa. Idan bayan wannan layin yana wuce kashi uku cikin huɗu na cikinsa ranar da ba a yi ruwa ba, to lokacin neman sabon bututu ya yi. Kai kuma, kafin damina ta dawo, ka sa bawul mai hana dawowar ruwa a layin gidanka, ka fara gwajin launin da naka indararon.