Me jiragen ruwan Finikiyawa suke ɗauka?

Tambaya: Malam, na sha jin ana cewa Finikiyawa su ne manyan fataken teku a zamanin da. Wane irin jirgi suke dakon kaya da shi, kuma wace haja suke saye da sayarwa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Finikiyawa sun zauna a gaɓar gabashin Bahar Rum, galibi a inda ƙasar Lebanon take a yau, kuma manyan biranensu su ne Taya da Sidon da Bibilos. Ƙasar tasu siririya ce, duwatsu a bayanta, teku a gabanta, saboda haka neman arziki ya tura su kan ruwa.

Jirginsu na dakon kaya ba a yi shi don gudu ba. Mai faɗin ciki ne, kamar akushi, har Girkawa suka laƙaba masa suna "gaulos" saboda wannan siffa. Babban ƙyalle guda ɗaya mai kusurwa huɗu ake ɗaura masa, iska ta tura shi, matuƙi kuma yana juya akalarsa da manyan filafilai daga baya. Abin da ya fi burge ni shi ne haɗin katakon. Kafintocinsu sukan fafe ƙananan ramuka a gefen kowane katako, su cusa ɗan guntun itace mai ƙarfi wanda rabinsa zai shiga na sama, rabi ya shiga na ƙasa, sannan su kafe shi da fegi don kada ya zame. Wannan dabara ce ta sa jikin jirgin ya iya jure nauyi da dukan igiyar ruwa.

Hajar da ta fi yi musu suna ita ce itacen al'ul, wanda Masar ta daɗe tana saye daga Bibilos, da kuma tufafin da aka rina da shunayya. Rinin daga jikin wani dodon koɗi na teku ake samun sa, kuma sai an fasa dubbai kafin a tara ɗan kaɗan, shi ya sa ya zama suturar sarakuna. Sai dai a ganina an cika zuzuta shunayyar, domin jiragen da suka nutse, waɗanda masu bincike suka gano, sun nuna cewa kayan yau da kullum ne suka fi cika cikin jirgi.

A shekarar 1997 an hango wasu jirage biyu na ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a tekun da ke daura da garin Ashkelon na ƙasar Isra'ila ta yanzu, a zurfin kusan mita 400, kuma a 1999 masanin binciken ƙarƙashin teku Robert Ballard ya jagoranci binciken su. Katakon da ke sarari ya riga ya ruɓe, amma ɗaruruwan tulunan ruwan inabi suna nan a jibge, har tarin nasu ya fitar da siffar jirgin. A kusa da tsibirin Gozo na ƙasar Malta kuwa, an gano wani a 2007 ɗauke da tuluna da duwatsun niƙa. Wanda ya fi su kaya iri-iri shi ne na Bajo de la Campana a gaɓar Sifen, na wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka tsamo hauren giwa, wasu da rubutun Finikiyanci a jikinsu, tare da kuza da tagulla da ƙwan jimina.

Ƙarafa ne suka ja su zuwa yamma mai nisa. Suna samun tagulla a Kubrus, amma azurfar kudancin Sifen ce ta sa suka kafa Gadir, garin da ake kira Kadiz a yau, suka kuma jera zango-zango a kan hanya, ciki har da Kartaj da ke ƙasar Tunusiya ta yanzu. Masanin tarihin nan na Girka, Hirodotus, ya ba da labarin yadda mutanen Kartaj suke cinikin zinariya a gaɓar Afirka ta tekun Atilantika ba tare da magana ba: sukan baza kaya a bakin ruwa, su koma jirgi su tayar da hayaƙi, mutanen wurin su zo su ajiye zinariya su ja da baya. Idan ba ta kai ba, fataken su sake komawa jirgi su jira ƙari, kuma babu mai taɓa kayan wani sai an daidaita.