Shara da wanke-wanke sun isa kare zuciyar budurwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 15. Tun da ta fara girma ta bar wasa, daga makaranta sai ɗaki da waya. Ta yi ƙiba, ga mahaifinta da hawan jini. Shara da wanke-wanken da take yi ba su isa motsa jiki ba? Wata uwa, daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ciwon zuciya bai cika bayyana a shekarunta ba, amma yanzu ake aza tubalinsa: kitse ya fara maƙalewa a jijiyoyin jini, jini ya ɗan hau, suga ya fara taruwa, ita kuwa ba ta jin komai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 5 zuwa 17 ya samu minti 60 na motsi kullum. Bincikenta na 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan.

Wanke-wanke bisa kujera 'yar tsugunne ba ya shiga lissafi. Ma'aunin shi ne numfashi: ta ɗan yi haki, tana iya magana amma ba ta iya rera waƙa. Daka a turmi, jan guga a rijiya, gaɗa, tsallen igiya a tsakar gida, tafiya da sauri zuwa Islamiyya, duk sun shiga, kuma ba sai ta fita filin wasa ba. Ba dole a yi a tashi ɗaya ba; minti 20 sau uku ya wadatar.

Inda ake kuskure shi ne farawa da ƙarfi. Ta yi awa guda ranar farko, gobe cinyoyi su ɗaure, shi ke nan ta bari. Ta fara da minti 15, ta ƙara 5 zuwa 10 duk mako, da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa a kusa. Kada kuma a riƙa yi mata gorin ƙiba; gori kunya yake ƙarawa, ta ƙara shigewa ɗaki.

Saboda tarihin mahaifinta, a auna hawan jininta aƙalla sau ɗaya a shekara. A shekarunta, in awo ya yi ta kaiwa 130/80 a ranaku daban-daban, a ga likita. Ciwon ƙirji, suma ko haki mai tsanani yayin motsi, a tsaya a kai ta asibiti. In kuma tana saurin gajiya ga jinin al'ada mai yawa, a duba ƙarancin jini kafin a ce lalaci ne.