Me ya kashe batirin solata cikin wata huɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Mabera, nan Sakkwato. Cikin watan Janairu na sayi faifan sola mai wat 150 da batirin mota mai 75Ah, na haɗa da kaina. Igiyar wuta biyu na jawo daga faifan zuwa batir kai tsaye, daga batirin kuma na ba fanka biyu da ƙwan fitila huɗu, muna kuma cajin salula. Da farko lafiya lau, har asuba akwai wuta. Yanzu da zafi ya kama, ƙarfe sha ɗaya na dare fankokin sun tsaya, yara sai kuka. Wani ya ce in zubar da ruwan batirin in sa sabon asid, wani ya ce in sayo wani batir in gama da wannan. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, sannu da zafi. Shawarwarin nan biyu ka ɗan ajiye su gefe tukuna, zan dawo kansu. Batirinka ba asid ya rasa ba. An ba shi aikin da ba nasa ba, da sanyi aka yi ta ɗura masa wuta har ta wuce ƙima, da zafi ya zo kuma aka koma ɗibar abin da ya fi wanda ake zuba masa.

Batirin mota abu guda aka ƙera shi ya yi: ya saki wuta mai yawa cikin daƙiƙa uku ko huɗu a tayar da inji, sannan motar ta mayar masa da ɗan abin da ya fita tun ba a yi nisa ba. Don haka farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne, an jera su da yawa. Irin wannan faranti ba ya jure a zuƙe shi kowane dare a cika shi kowace rana, sai ya riƙa zagwanyewa yana zuba a gindin batirin. Dokin sukuwa ne ka ɗora wa kayan raƙumi. Zai ɗauka, ba musu, amma ba zai kai kasuwa sau da yawa ba.

Abin da ya faru a Janairu shi ne mutane ba su cika lura da shi ba, saboda a lokacin komai kamar daidai yake tafiya. Faifan da aka ce maka na bolt 12 ne, a gaskiya wajen bolt 18 yake aiki, in babu abin da aka haɗa masa ma yana kaiwa 21 ko 22. Shi kuwa batir ba ya son a wuce da shi kusan 14.4, kuma da ya cika sai a sassauta zuwa wajen 13.7. Wa ke kunna fanka a Sakkwato cikin hunturu? Ƙwan fitila huɗu kawai kuke kunnawa, batirin ya cika tun da hantsi, daga nan har la'asar faifan na tura masa wutar da ba shi da inda zai sa ta. Wannan rarar ita ke farfasa ruwan batir ya koma iska ya fice. Wataƙila ka taɓa jin yana wata 'yar ƙara kamar tukunya ta fara tafasa. Ruwa ya ja baya, kan farantan ya fito fili ya bushe, kuma ɓangaren da ya bushe ya tafi ke nan. Ashe tun kafin zafi ya iso, batirin ya riga ya rage girma ba ka sani ba.

Yanzu ɗauko takarda mu yi lissafi, don nan ne maganar take. Fankar batir ta tsaye takan ci wajen wat 20. Biyu, awa goma a dare: 20 sau 2 sau 10, wat-awa 400 ke nan. Ƙwai huɗu masu wat 5, awa biyar, 100. Salula huɗu, mu ce 60. Jimla 560. Raba da bolt 12, za ka samu kusan 47Ah kowane dare (Ah amfiya-awa ke nan, ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka). Daga batir mai 75Ah, wannan kusan kashi biyu cikin uku ne, ko da sabo ne fil. Batirin da aka yi domin sola ma ba a so a wuce rabinsa, balle na mota.

To nawa faifan ke mayarwa? Faifai mai wat 150 amfiya 8 da ɗoriya yake bayarwa in rana ta take. Mu nan Allah ya hore mana rana, in aka dunƙule hasken yini guda yakan yi daidai da awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana. Takwas sau biyar da rabi, 44Ah. Wannan fa in gilashin a wanke yake, igiyar kuma mai kauri ce. Da ƙura a kai, da siririyar igiya, da kyar ka ga 35. Kuma batirin dalma sai an mayar masa da fiye da abin da aka ɗiba kafin ya cika, wanda ya ba da 47 yana neman wajen 55. Ban ma sa fankar da uwargida ke kunnawa da azahar ba, kuma na san ana kunnawa, wa zai hana ta a watan Afrilu? Ita ma daga rabon batirin take ci. Kullum ana kwana da bashin amfiya-awa goma zuwa ashirin, gobe a ɗora wani a kai. Batirin da ke yini yana kwana bai cika ba, wani farin gishiri ne ke taruwa a farantansa. Da ana cika shi kullum, da gishirin ya narke ya koma asid. Da aka bar shi makonni sai ya daskare ya zama dutse, ya toshe wurin da wuta za ta zauna.

Ka ga amsar mai cewa a sa sabon asid ke nan. Asid ɗin bai gudu ba, yana nan daskare a jikin farantan. In ka zuba sabo, batirin zai nuna ƙarfi na 'yan kwanaki ka yi murna, sannan ya cinye ragowar farantan. Ruwa kaɗai ke fita daga batir, ruwa kaɗai ake ƙarawa, shi ma tataccen ruwan batir, ba na rijiya ba, ba na leda ba. Mai cewa a gama sabo da tsoho kuwa, tsohon zai riƙa zuƙe sabon har ya jawo shi inda yake. Kuɗin batir biyu, aikin rabin guda.

Kafin ka yanke wa tsohon hukunci, gwada shi. Ka nemi 'yar mitar nan ta gwada wuta da masu gyaran rediyo ke riƙewa, ba ta da tsada kuma za ta daɗe tana yi maka amfani. Bar batirin ya yini yana caji ba tare da an kunna komai ba, da magariba ka cire masa duk igiyoyi, ya huta awa uku ko huɗu, sannan ka auna. Bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne. 12.2 rabi ne. In ka ga wajen 10.5, ɗaya daga ɗakuna shida na cikinsa ya mutu, babu sauran magani. In ya nuna 12.6 amma da ka kunna fanka ɗaya ya faɗo ƙasa da 12 cikin 'yan mintoci, shi ma ya gama, suna kawai ya rage.

Abin da zan ce ka saya, in da hali: batir na sola mai 100Ah aƙalla, irin mai farantai masu kauri, ƙarin faifai guda mai wat 150 irin naka sak, da kwantirola mai amfiya 30. In kuɗin ba su kai duka ba, fara da kwantirola, don ita ce mafi araha kuma ita ce mai gadin batir: ta tsayar da caji in ya cika, ta yanke wuta in ya yi ƙasa. Sannan ka rage ci har ka ƙaro faifan, fanka ɗaya a matsakaicin gudu. Sayen babban batir a bar shi da faifai ɗaya maimaita wancan bashin ne, sai dai wannan karon asarar ta fi ciwo.

A kasuwa za a nuna maka kwantirola iri biyu, PWM mai araha da MPPT mai tsada, a ce ta biyun ta fi. Ta fi ɗin, amma a ƙaramin haɗi irin naka, da zafi irin namu, ribar ba ta kai tsadar ba. Ita MPPT rarar bolt ɗin faifai take juyawa ta zama ƙarin caji, zafi kuwa yana cinye yawancin rarar nan tun a kan rufi. Sai in faifan da ka samu irin manyan nan ne masu bolt 30 zuwa 40, to nan dole sai ita. Kuma ka yi hattara, akwai masu tambarin MPPT a goshi alhali cikinsu PWM ne. Ta gaske tana da naɗin waya a ciki, za ka ji nauyinta a hannu. Wadda ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar fankon ashana, a farashin banza, ka san abin da ka riƙe. Inbata kuwa, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta NEPA, ba ka bukatarta, tunda fankokinka da ƙwanka na batir ne. Ita kanta tana cin wuta ko ba a kunna komai ba. Batirin litiyam mai kyau ya fi na dalma daɗewa nesa ba kusa ba, kuma ana iya cin kashi 80 cikin ɗari nasa, sai dai kuɗi. Wanda aka harhaɗa da tsofaffin baturan kwamfuta aka naɗe da salatif, kada ya kwana a ɗakin da 'ya'yanka suke.

Wajen haɗawa, batir ake fara haɗa wa kwantirola, don ta gane na bolt nawa ne, sannan faifai, sannan fanka da ƙwai a bakin da aka tanadar musu. In za a kwance, faifai ake fara cirewa. Faifai biyun a gama ja da ja, baƙi da baƙi. Ka sa fis, wato 'yar wayar nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, a jar igiya dab da kan batir. Batir in igiyoyinsa suka haɗu yana iya mayar da waya garwashi cikin ƙiftawar ido, kuma ka san yadda katifa da labule suke a watan Maris. Sai ka shiga saitin kwantirolar ka ɗaga inda take yanke wuta zuwa wajen 11.9, domin da yawa suna zuwa a saite ƙasa da haka sosai, sai batir ya galabaita suke yankewa. Ranar da ta yanke da tsakar dare, kada ka zagaye ta ka maƙala fanka a kan batir. Nan ne yawancin mutane ke kashe batir na biyu.

Igiya ma ba a yi mata rowa. A bolt 12 kowane bolt ɗaya dukiya ne. In tsakanin rufi da kwantirola mita 10 ne, amfiya 16 a siririyar igiya mai lambar kauri 1.5 za ta zubar da fiye da bolt uku da rabi a hanya, mai 6 kuwa ba ta kai ɗaya ba. Ka kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya: in cikin ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe.

Faifan ya kalli kudu. In ka fuskanci gabas, hannunka na dama ke nan. Sakkwato tana kan daraja 13 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka ɗan kishingiɗa kaɗan ya isa, daraja 13 zuwa 15. Kada ka tayar da shi sosai kamar yadda ake gani a hotunan Turai, domin mu daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da kanmu take bi da tsaka. Kada kuma ka shimfiɗa shi a jikin kwano, bar tazarar taƙi guda iska ta ratsa ta ƙasa. Inuwar reshen dogon yaro ɗaya, ko kashin tattabara a kan ɗaya daga 'yan gidajen da ke shate a fuskar faifan, tana iya rage wutar fiye da yadda ido zai zata, saboda gidajen a jere suke kamar ɗiyan carbi, wuta ta cikin kowanne take bi. A goge shi da ruwa da tsumma mai laushi bayan asuba, lokacin gilashin bai yi zafi ba. Da hunturu sau biyu ko uku a mako ba su yi yawa ba.

Shi kuwa batirin, zafi ne babban abokin gabansa, kuma mu a gidan zafi muke. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin daraja 10 a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma biyu, ga shi muna wuce 40 daga Maris zuwa Mayu. In akwai ɗakin ƙasa a gidan, ko zaure mai iska, ya fi shagon bulo mai rufin kwano. Kada a kulle shi cikin akwati, kada a kawo masa murhu ko garwashin turare kusa, iskar da yake fitarwa wajen caji tana kamawa da wuta. Duk wata ka buɗe murafen ka duba, ruwa ya rufe farantan.

Tsohon, in gwaji ya nuna ya mutu, ka kai wa masu sayen tsofaffin batura yadda yake, a rufe, kuɗin su rage maka na sabo. Kada a fasa shi a tsakar gida don a ciri dalma, kada a zubar da ruwansa a kwata. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya da ake daka a gidaje ta fito, amma dalmar ita ce dai wannan da ke cikin batirinka. Kafin ka samu kai shi, ɗora shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.