Tambaya da Amsa: A Wane Gida Kakanmu Ya Zauna a Kumasi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu mun sami tsofaffin wasiƙu a akwatinsa, waɗanda kakanmu ya riƙa aikowa gida lokacin da yake fataucin goro. A bayan ambulan an rubuta "Zongo, Kumasi, Gold Coast", da sunan wani Alhaji da ba mu sani ba, da lambar akwatin gidan waya. Shin wannan zai isa mu gano gidan da ya zauna da dangin da ake cewa ya bari a can? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan magabatanmu. Abin da ke hannunki ya isa a fara da shi, kuma mafi darajarsa shi ne sunan Alhajin nan da kika ce ba ku sani ba.

Ki fara da tantance lokaci. Tun da an rubuta Gold Coast, mai yiwuwa ne ƙwarai wasiƙun sun riga 6 ga Maris, 1957, ranar da ƙasar ta sami 'yancin kai ta koma Gana. Hatimin gidan waya yakan nuna rana da garin da aka jefa wasiƙa, idan kuma ya goge, ki dubi kan sarki, domin hoton Sarki George na Shida yana nuna tsakanin ƙarshen shekarun 1930 da farkon na 1950, na Sarauniya Elizabeth kuwa bayan 1952. In rubutun ciki na ajami ne, a nemi malamin da ya iya ya karanta, saboda galibi a gaisuwar ƙarshe ake jero sunayen maƙwabta da abokan ciniki.

Dalilin da ya sa na fifita sunan Alhajin shi ne, bafatake a wancan zamani ba safai yake da adireshin kansa ba. Yakan sauka ne wurin maigida, wanda shi ke ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu goro, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya kai ga bashi, don haka wasiƙun baƙinsa duka ta hannunsa suke bi. Akwatin gidan wayar ma kusan tabbas nasa ne, kuma ba na ba ki shawarar ɓata lokaci a kansa, domin haya ake yi, yana iya sauya hannu sau da yawa. Amma gidan fitaccen mai masauki yakan riƙe sunansa shekaru da dama bayan rasuwarsa.

Kalmar "Zongo" ita kaɗai ba ta ware unguwa ba, domin Musulmin Kumasi sun bazu daga Tsohon Zango zuwa Sabon Zango da Aboabo da Asawase. Wanda zai je ya fara da fadar Sarkin Zango, sannan limamai da dattawan 'yan goro, ya faɗi sunan maigidan da laƙabin kakanku da unguwarsa ta Kano. Da Hausa za a yi maganar. Ma'adanar takardun gwamnatin Gana tana da reshe a Kumasi, sai dai sunan baƙon da bai mallaki fili ko ya shiga shari'a ba da wuya ya fito a can.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani tun yanzu: a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama makonni biyu su bar ƙasar, kuma 'yan Najeriya masu ɗimbin yawa suka dawo gida. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan zuriyar maigidan, ko ma dangin da kuke nema, suna nan Kano. Wannan ya sa nake ganin a fara da tsofaffin gidanku, musamman gwaggonni, da dattawan 'yan goro na birni, kafin a kashe kuɗin mota. Ki ɗauki hoton kowace wasiƙa gaba da baya, har da ambulan ɗinta, a tafi da hotunan, a bar na asalin a gida inda danshi da gara ba za su kai gare su ba.